Zama ko Ƙaura: Hanyoyi Huɗu Gaban Ɗan Ƙwallon Kwando a Jami'o'in Amurka

Duk shekara, da gasar watan Maris ta jami'o'in Amurka ta doshi ƙarshe, sai wata kasuwa ta fara ci. A 2025 kaɗai, 'yan ƙwallon kwando maza fiye da 2,000 daga rukuni na ɗaya na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, suka sa sunansu a rajistar masu neman canjin makaranta, wadda ake kira fotal. Jami'o'in rukunin duka-duka 360 ne da 'yan kai. In ka raba, kowace ƙungiya ta ga mutum biyar ko shida sun tattara kayansu. Kowane gurbi da aka bari ƙofa ce ga wani, amma ba duk wanda ya fita yake samun wurin shiga ba.

Da yaron da ya yi shekara ɗaya ko biyu a wata jami'a nake magana, ko yana ɗumama benci ko yana ganin ya fi ƙarfin inda yake, da kuma mahaifi ko kawun da ake bugo wa waya cikin dare ana cewa "Baba, ina son in bar makarantar nan." Hanyoyin da ke gabansa huɗu ne: ya zauna, ya hau babbar jami'a, ya sauka zuwa matsakaiciya, ko ya fita daga rukuni na ɗaya zuwa kwalejin shekara biyu ko rukuni na biyu.

A da ba a wannan muhawarar sosai, domin wanda ya canza makaranta sai ya yi shekara guda bai buga wasa ba. An buɗe fotal a watan Oktoban 2018. A Afrilun 2021 aka yarda ɗan wasa ya yi ƙaura sau ɗaya ya ci gaba da wasa nan take, a watan Yulin shekarar kuma aka halatta masa karɓar kuɗin talla da sunansa da hotonsa, abin da ake kira NIL. Bayan wata kotu a West Virginia ta sa baki a Disambar 2023, NCAA ta cire iyakar gaba ɗaya a 2024: ka yi ƙaura ko sau nawa ne, in dai karatunka bai samu tangarɗa ba. Sai Yunin 2025, da alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wadda ake kira shari'ar House, jami'o'i suka samu damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace jami'a, a raba tsakanin dukkan wasanninta.

Ma'aunan da za a duba

Na farko mintuna, kuma a wurina shi ne uban sauran. Wasa minti 40 ne, mutum biyar ke cikin fili, ke nan minti 200 ake rabawa a kowane dare. Ƙungiya na iya ɗaukar mutum 15, amma yawancin koci-koci mutum takwas ko tara suke juyawa in wasa ya yi zafi. Don haka tambayar ba ita ce "suna so na?" ba. Tambayar ita ce wa ya tafi, minti nawa ya bari, kuma mutum nawa ake nema su gaje shi. Koci ba ya shiga kasuwa don neman wanda ya fi kowa iya wasa. Giɓin da ke cikin ƙungiyarsa yake son cikewa. Wani dogo yake nema da zai tsare ƙarƙashin kwando, wani mai raba ƙwallo, wani kuma mai jifan maki uku da zai tsaya a kusurwa ya buɗe wa abokansa fili.

Na biyu kuɗi, amma kuɗin da aka rubuta aka sa hannu. A Disambar 2024 tsofaffin 'yan wasan Florida State su shida sun kai kocinsu Leonard Hamilton ƙara, suna zargin an yi wa kowannensu alkawarin dala 250,000 ba a biya ba. Ko ma yaya gaskiyar take, alkawarin baki ne ya kai su kotu. A cire kuma haraji da kason ejan. Ƙungiyar 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ta ƙayyade wa ejan kashi 4 cikin ɗari na kwantiragi. A jami'a babu wannan shingen, akwai masu neman ninkin haka sau uku ko huɗu.

Na uku ɗorewa: shin kocin da ya kira ka zai kai baɗi a wurin? Na huɗu sauƙin tafiyar, wato karatu da takardu. Digiri a Amurka kusan kiredit 120 ne (ma'aunin darussan da ka ci), kuma ba duk darasin da ka ci a tsohuwar makaranta sabuwa za ta karɓa ba. NCAA na son ka gama kashi 40 cikin ɗari na digirinka kafin shiga shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu, 80 kafin ta biyar. A ƙa'idar da ke aiki a 2025, kaka huɗu ake ba ɗan wasa cikin shekara biyar, agogon kuma ba ya tsayawa don ka canza gari.

Na biyar haɗari, kuma nan ne ɗan Afirka ya bambanta da abokin wasansa ɗan Amurka. Da zarar sunanka ya shiga fotal, makarantarka na da ikon janye tallafin karatunka a ƙarshen zangon da ake ciki. Ɗan Amurka in bai samu wuri ba, gidansu zai koma ya jira. Kai da ke kan bizar ɗalibi ta F-1, zamanka a ƙasar ya rataya ne a kan kasancewa cikakken ɗalibi a wata makaranta, da takardar I-20 mai rai, wato shaidar ɗalibta da makaranta ke ba baƙo. Bizar nan kuma ba ta yarda da aiki a wajen makaranta ba sai da izini, shi ya sa kuɗin NIL ke yi wa baƙi wuyar taɓawa. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango, sai da Kentucky ta je wasannin share fage a Bahamas a Agustan 2022 sannan ya samu ya yi tallace-tallacensa, saboda a can ba ya cikin ƙasar Amurka.

Zama inda kake

Ita ce hanyar da ba a yi mata talla, domin babu ejan da ke cin riba sosai da ita. Ba ta cin ko kwabo, kiredit ɗinka na nan daram, bizarka ba a taɓa ta ba, ka san salon kocin, ka san likitan ƙungiya, ka san inda ake samun naman halal da masallacin da ke kusa. Tun daga Agustan 2024 kuma, jami'o'in rukuni na ɗaya ba su da ikon soke tallafin ɗan wasa don ya ji rauni ko don wasansa bai gamsar ba.

Misalan waɗanda suka yi haƙuri suka ci riba suna da yawa. Zach Edey daga benci yake tasowa a shekararsa ta farko a Purdue. Ya zauna shekara huɗu, ya zama gwarzon ƙasa a 2023 da 2024, Memphis ta ɗauke shi na 9 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA. Udoka Azubuike, ɗan Najeriya, rauni a hannu ya katse masa kaka biyu a Kansas, bai motsa ba, ya zama gwarzon gasar Big 12 a 2020, Utah ta ɗauke shi na 27. Adama Sanogo na Mali shekara uku ya yi a UConn, yana azumin Ramadan ya buga wasannin ƙarshe na gasar 2023, suka ci kofi, aka ba shi gwarzo.

Illarta ɗaya ce, amma babba: ka zauna, su kuma ba su zauna ba. Kocin da ya ce "baɗi taka ce" yana iya zuwa kasuwa ya ɗauko ɗan shekara 23 a gurbinka. Dokar ta hana shi ƙwace tallafinka, ba ta hana shi ajiye ka a benci har ka gaji ka tafi da ƙafarka ba. Kafin ka yanke shawara, shiga ofishinsa ka tambaye shi ƙarara: za ku ɗauko wani a gurbina? Yadda ya amsa, ko yadda ya kauce, ya ishe ka.

Hawa babbar jami'a

Manyan gasanni biyar ne: SEC, Big Ten, Big 12, ACC da Big East. Nan ne kuɗi yake, nan talabijin take, nan masu farautar 'yan wasa na NBA ke cika kujeru. Sai dai a lura, dala miliyan 20.5 ɗin nan ba ta ƙwallon kwando ba ce ita kaɗai. A yawancin manyan jami'o'i ƙwallon Amurka ce ke kwashe kaso mafi tsoka. Makarantun Big East da ba su da babbar ƙungiyar ƙwallon Amurka sun fi sakin hannu ga kwando.

Labarin Rueben Chinyelu ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda ake karanta buƙatar ƙungiya. Ɗan Najeriya ne, ya fito daga makarantar NBA da ke Saly a Senegal, ya yi shekarar farko a Washington State. A Maris ɗin 2024 kocinsa Kyle Smith ya koma Stanford, gasar Pac-12 da makarantar ke ciki kuma ta watse. A daidai lokacin, Florida ta shiga matsalar dogaye: Tyrese Samuel ya gama, Micah Handlogten kuma ya karye a ƙafa a wasan ƙarshe na gasar SEC. Giɓin a fili yake, kuma daidai da abin da Chinyelu ya iya: tsaro, cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, da jikin da ba a ture shi. Ya shiga cikin biyar ɗin farko tun daga farkon kaka, a Afrilun 2025 suka doke Houston da ci 65 da 63 suka ɗauki kofi. Gwarzon gasar, Walter Clayton Jr., shi ma daga ƙaramar jami'ar Iona ya zo, Alijah Martin daga Florida Atlantic, Will Richard daga Belmont. Koci Todd Golden bai tara taurari ba, kowa aka ɗauko da aikin da ke jiransa.

Ɗaya gefen kuma akwai. Ugonna Onyenso, shi ma ɗan Najeriya daga makarantar ta Saly, ya bar Kentucky a 2024 bayan John Calipari ya koma Arkansas, ya tafi Kansas State, mintunansa suka ragu maimakon su ƙaru, bayan shekara guda ya sake ƙaura zuwa Virginia. Great Osobor, gwarzon gasar Mountain West a 2024, ya bi kocinsa Danny Sprinkle daga Utah State zuwa Washington, rahotanni suka ce a kan dala miliyan 2. Ƙungiyar ta ƙare a ƙasan teburin Big Ten. Kuɗin ya shiga aljihu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma wanda ke neman a gan shi a gasar Maris bai samu ba.

Ɗorewa a nan ba ta da tabbas. Inda ake biya da yawa, haƙuri kaɗan ne, kuma duk shekara ana sake zuwa kasuwa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: sunanka a jerin 'yan wasan babbar jami'a bai sa ka cikin fili ba.

Sauka zuwa matsakaiciya

Wannan ce hanyar da girman kai ke hana mutane bi, kuma ita nake ganin ta fi yi wa masu ɗumama benci amfani. Brandin Podziemski ya yi shekara a Illinois, da ƙyar yake shiga fili, makinsa bai kai biyu a wasa ba. Ya koma Santa Clara, ya riƙa zuba kusan maki 20, a 2023 Golden State ta ɗauke shi na 19. Iyawarsa ba a shekara guda ta tsiro ba. Fili ya samu.

Kuɗin hannu ya yi ƙasa sosai, wani wurin ma babu, amma cikakken tallafin karatu na nan: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci da littattafai. Kada a rena wannan, akwai jami'o'i masu zaman kansu da kuɗinsu na shekara ya haura dala 80,000. Ga mai bizar F-1 da kuɗin talla ke yi wa wuyar karɓa tun farko, tazarar da ke tsakanin nan da babbar jami'a ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. (A kula da jami'o'in Ivy League irin su Harvard da Yale: ba sa ba da tallafi don wasa, sai bisa ƙarfin aljihun iyaye.)

Matsalolinta: yawancin ƙananan gasanni ƙungiya ɗaya tak suke aikawa gasar Maris, tafiye-tafiye sun fi wahala, kuma in kocinka ya yi nasara manya za su ɗauke shi. Sannan saukar ba ta ba ka lasisin zama tauraro. A can ma akwai ɗan shekara ta huɗu da ba zai sakar maka gurbinsa don ka fito daga makaranta mai suna ba.

Kwalejin shekara biyu ko rukuni na biyu

Kwalejin shekara biyu, wadda 'yan wasa ke kira juko, asibitin gyara ce: ta wanda makinsa na aji ya faɗi, ko jikinsa bai gama ƙosawa ba. Jimmy Butler daga Tyler ya wuce Marquette. Dalton Knecht ya yi shekara biyu a wata juko a Colorado, biyu a Northern Colorado, ɗaya a Tennessee inda ya zama gwarzon SEC, Lakers ta ɗauke shi na 17 a 2024. Amma wanda ya baro rukuni na ɗaya ya shiga juko, sai ya kammala difilomarta da maki mai kyau kafin ya koma, agogon shekara biyar kuma yana ta tafiya. Yawancinsu a ƙananan garuruwa suke, kayan aiki kaɗan, kuma kowa kansa yake yi wa wasa don a gan shi.

Rukuni na biyu digiri cikakke yake bayarwa, sai dai tallafin mutum 10 kawai aka yarda ƙungiya ta raba wa dukkan 'yan wasanta, don haka da yawa rabi ko kwata suke samu. Ga baƙon da sai ya nuna shaidar kuɗi kafin a ba shi I-20, ragowar na iya fin ƙarfin gida. Ƙofar komawa sama ba a rufe take ba: Bennett Stirtz ya taso daga Northwest Missouri State, ya bi kocinsa Ben McCollum zuwa Drake a 2024, sannan Iowa a 2025.

| Ma'auni | Zama | Babbar jami'a | Matsakaiciya | Juko ko rukuni na biyu |
|---|---|---|---|---|
| Mintuna | Ya danganta da wa ya tafi | Wuyar samu | Sun fi samuwa | Da yawa |
| Kuɗi | Tallafi, wani lokaci da ƙari | Mafi yawa | Tallafi, ɗan ƙari | Sau da yawa tallafin bai cika ba |
| Ɗorewa | Mai kyau in koci na nan | Ana sake zubi duk shekara | Koci na iya tafiya | Juko shekara biyu ce kawai |
| Karatu da biza | Babu canji | Kiredit na iya zubewa | Kiredit na iya zubewa | Ya fi sauran rikitarwa |
| Haɗari | A kawo wani gurbinka | Benci mai tsada | A daina jin ɗuriyarka | Ka kasa komawa sama |

Wani abu da teburin ba zai nuna ba shi ne lokaci. Kwanakin shiga fotal sun sauko daga 60 zuwa 45 zuwa 30, sannan 15 a 2026, kullum ana ƙara matse su, kuma gurabe masu kyau cikin kwanakin farko ake cike su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin kaka ta ƙare ka tanadi takardar sakamakonka da bidiyon wasanninka, ka zauna da jami'in ɗalibai baƙi na makarantarka ya bayyana maka yadda ake mayar da rajistar bizarka zuwa wata makaranta. Duk jami'ar da ta neme ka, ka ce ta rubuto maka kiredit nawa za ta karɓa kafin ka amsa. Ka buɗe jerin 'yan wasanta da kanka, ka ƙirga waɗanda ke gurbinka, da shekarar da kowa yake, da sababbin da suka riga suka sa hannu. In sun kai uku kai ne na huɗu, daɗin bakin mataimakin koci ba zai canza lissafin ba.

Wa ya dace da wace hanya

In kana samun minti 15 zuwa 20, wanda ke gabanka zai gama a bana, kocin kuma na nan, zauna. Haka in saura shekara guda ka karɓi digiri, ko kana jinyar rauni, domin ba a sayen ɗan wasa da tsada yana ɗingishi.

In ka riga ka mamaye ƙaramar gasa, kana da abu guda da ka ƙware a kai wanda kowa ya sani, kuma ka ga babbar ƙungiyar da ta rasa mai yin wannan abin, hau. Saura kaka ɗaya ko biyu ne lokacin da wannan cacar ta fi biya. Dogaye masu tsaro sun fi kowa kasuwa a nan, saboda ba su da yawa. Sharaɗi: komai a rubuce, kuma lauyan da ya san dokar shige da fice ya duba yadda za a biya ka ba tare da an taɓa bizarka ba.

In ka yi shekara biyu a babbar makaranta ba ka wuce minti takwas a wasa ba, sauka, kuma ka zaɓi ƙungiyar da ta rasa mai zuba mata maki ko dogonta na farko, ba wadda sunanta ya fi daɗin faɗa a gida ba. Mai burin buga wasa a Turai ko gasar BAL ta Afirka bayan jami'a ma nan ya fi dacewa da shi, domin ƙungiyoyin can bidiyo da alƙaluma suke dubawa.

In matsalar a aji take, juko. In kuma ka riga ka gane ƙwallon hanyar samun digiri ce kawai, kuma NBA mutum 60 take ɗauka a shekara daga duniya baki ɗaya, nemi makarantar rukuni na biyu mai kwas ɗin da kake so, ka tabbatar abin da za ta biya da abin da gida zai iya cikawa sun haɗu. Wanda kuma kocinsa ya tafi ya ce ya biyo shi, kamar Stirtz da Osobor, ya samu rangwamen abu guda: ya san wanda zai yi wa wasa. Sauran ma'aunai huɗun sai ya sake auna su daga farko a sabuwar makarantar.